Ƙwayar Awo Ba Kayan 'Yan Talla Ba Ce: Martani Ga Mai Cewa Tuwo Ya Wadatar

Kwanakin baya wani malami ɗan yankinmu ya rubuta maƙala a kan ƙwayoyin ƙarin jini da sauran sinadaran da ake cewa suna gina jiki. Maƙalar ta samu karɓuwa. A Sabuwa ana ta maimaita hujjojinta a majalisu da teburan masu shayi, kuma maganar ba ta tsaya a bakin maza ba, ta shiga cikin gida, har an fara samun magidanta da ke hana matansu shan maganin da aka ba su a wajen awo. Abin da ya hana ni yin shiru ke nan. Malam mutum ne mai kishin jama'arsa, ba na kuma shakkar niyyarsa. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta hana shawara yin ɓarna idan an ɗora ta a kan kuskure.

Ga abin da ya ce, gwargwadon fahimtata, ba ƙari ba ragi. Ya ce kakanninmu sun rayu da tuwon dawa da miyar kuka da fura da nono, ba su san wata ƙwaya ba, amma sun yi noma da fartanya har tsufa. Ya ce Allah ya sanya duk abin da jiki yake buƙata a cikin abin da ƙasarmu take fitarwa, saboda haka wanda ya ci ya ƙoshi ba ya neman ƙari. Ya ce maganar ƙarancin sinadarai kasuwa ce: kamfanoni ke tsorata mutane don su sayar da hajarsu. Sannan ya kawo zargin da ya fi ratsa mata, cewa ƙwayoyin da ake ba masu ciki suna sa jariri ya yi girma ya gagara fita sai an yi tiyata, kuma har gishirin miyarmu an cusa masa sinadari ba da yardarmu ba. Daga nan ya ba magidanta shawara su rabu da waɗannan abubuwa gaba ɗaya, su koma wa abincin gida.

Akwai gaskiya a cikin maganarsa, kuma ba ƙarama ba. Duk wanda ya ci kasuwar Dandume ko ta Sheme ya ga masu lasifika suna tallan kwalba ɗaya da wai take maganin basir da sanyi da hawan jini da ciwon suga. Ya ga 'yan mata suna neman "sha ka fashe" a kemis don su yi ƙiba, alhali kumburin da wasu irin waɗannan ƙwayoyi ke kawowa ciwo ne, ba lafiya ba. Akwai kuma masu yawo da gwangwanayen ƙasashen waje masu tsadar gaske, suna jan ma'aikata da malaman makaranta cikin kasuwancin "kawo mutum biyu ka samu riba". Lafiyayyen mutum mai cin abinci iri-iri ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Masu binciken lafiya ma sun faɗi haka, har sun nuna cewa abin yana iya cutarwa: a wani babban gwaji da aka yi a Finlan, wanda aka buga sakamakonsa a 1994, mashaya taba da aka riƙa ba ƙwayar beta-karotin sun fi waɗanda ba a ba su ba kamuwa da sankarar huhu. Da a nan Malam ya tsaya, da ni ne na farko da zan yaba masa.

Inda muka rabu shi ne da ya haɗa waɗannan kaya da ƙwayar awo ya yi musu kuɗin goro. Kwalbar mai lasifika ba wanda ya san abin da ke cikinta, ba a auna ta ba, kuma kowa ake cewa ya sha. Ƙwayar awo an san abin da ke cikinta: sinadarin ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid kaɗan, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, ana ba mace a wani ƙayyadadden lokaci na rayuwarta saboda wata buƙata da aka auna. Ta yaya za a yanke wa waɗannan biyu hukunci ɗaya?

Mu fara da kakanni. Malam, tsoffin da muka taso muka gani da ƙarfinsu su ne waɗanda suka tsira. Mu tambayi iyayenmu mata 'ya'ya nawa kowacce ta haifa, nawa ne kuma suka kai ga yaye, nawa suka kai ga aure. Me ya sa Bahaushe ya san wabi har ya tanadi sunaye irin su Ajuji da Ayashe, idan ba don binne jarirai ya zama ruwan dare ba? Maƙoƙo a wuyan mata, dundumi ga mai ciki da ba ta gani da zarar magariba ta yi, yara masu lanƙwasassun ƙafafu, mace ta rasu wajen haihuwa a ce kwana ya ƙare: duk waɗannan kakanninmu sun san su, sun yi haƙuri da su don ba su da yadda za su yi. Kwana kam na Allah ne. Amma haƙurinsu ba hujja ba ce a kan cewa abincinsu bai rasa komai ba.

Ko da mun yarda abincin nasu ya cika, shi muke ci yau? Kaka tana da Bafulatana mai kawo nono ƙofar gida kowace safiya. Yara suna shiga daji su cika ciki da ɗinya da kanya da magarya da taura da garin ɗorawa. Akwai naman farauta, akwai kifin fadama. Yau a Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara wa zai tura ɗansa daji tsinkar ɗinya? Satar shanu ta watse rugage, nono ya yi tsada ya yi wuya. Gonakin da ke nesa da gari da yawa sun gagari masu su. Waken suya da wake da ƙwai da kaji, waɗanda su ne suka fi gina jiki, su ake fara kaiwa kasuwa don a samu kuɗin taki ko na magani ko, Allah ya kiyaye, na fansa. Abin da ya rage a tukunya shi ne masarar da aka surfe aka zubar da dusarta, da miyar da ta fi kama da ruwa. Mutanen da aka koro daga ƙauyukansu suka raɓe a gidajen 'yan uwa, a gaya musu su koma wa abincin gargajiya, wane abincin?

Ba hasashe nake yi ba. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekarun haihuwa da ƙarancin jini, da kashi 68 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A Jihar Katsina, wajen yara shida cikin goma sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara 652 sun rasu sanadin tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shidan farko na shekarar. Waɗannan yaran ba gwangwanin ƙasar waje ne ya kashe su ba.

Sai hujjar da ta fi kama hankali, wato wanda ya ƙoshi ba ya neman ƙari. Ƙoshi cikar tumbi ne, kuma tumbi yana cika da abin da jini bai amfana da shi ba. Gero da dawa da masara suna da ayon da zinki, wannan gaskiya ne. Amma suna ɗauke da wani sinadari a jikin ƙwayar hatsin, ana kiransa fayitet, wanda yake riƙe ayon da zinkin ya hana hanji tsotse su, sai mafi yawansu su fita a bayan gida. Jiki yana ɗaukar kaso mai kyau na ayon da ke cikin nama da hanta da kifi, amma na hatsi ɗan kaɗan yake samu. Idan aka bi tuwon da shayi mai kauri, ganyen shayin ma ya ƙara rage abin da za a samu. Iyayenmu mata, ba tare da sun san sunan sinadarin ba, suna da dabarun da ke rage wannan matsala: jiƙa gero, barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko, sanya tsamiya a kunu, daddawa a miya, zogale da rama da yakuwa. Duk waɗannan abin riƙewa ne da hannu biyu. Sai dai suna da iyaka, kuma ciki shi ne yake nuna iyakar.

Mace mai ciki jininta yana ƙaruwa da kusan rabi. Tana gina jinin jariri da na mabiyiya, sannan za ta zubar da wani wajen haihuwa. Cikin wata tara tana buƙatar ayon da ya kai miligiram 1,000. Yanzu a ɗauki matar da ta shiga wannan cikin ba ta gama farfaɗowa daga goyon baya ba, zazzaɓin cizon sauro yana fasa mata ƙwayoyin jini kowace damina, tsutsar ciki tana shan nata rabon, kuma ita ce ta ƙarshe da ke cin abinci a gidan bayan maigida da yara. Malmala nawa za ta ci kafin ta tara wannan adadi? Malam manomi ne kamar yawancinmu. Idan ganyen masararsa ya fara yin rawaya, ba ya cewa ƙasar da Allah ya halitta ta wadatar. Yana neman buhun yuriya ko da bashi ne, kuma ba wanda ya ce ya raina ni'imar Allah. Me ya sa uwar 'ya'yansa, da tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari fat, ba ta cancanci irin wannan kulawar ba?

Akwai ma alamar da muke gani kullum muna ɗauka kwaɗayin ciki ne kawai. Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa, kuma kowa ya san yadda masu ciki ke ɓoye ta a bakin zane suna gutsura. Likitoci sun daɗe da lura cewa sha'awar cin ƙasa tana yawan tafiya tare da ƙarancin ayon, ƙasar kuma tana iya ƙara hana hanji ɗaukar ɗan abin da ke cikin abincin. Ashe matanmu sun riga sun nemi ƙari da kansu, wanda ba a auna ba, ba a tsabtace ba. Wannan Malam bai yi magana a kansa ba.

Yanzu ga zargin girman jariri, wanda shi ne ya fi ɗaga mini hankali, domin shi ne yake sa mace ta karɓi maganin ta zuba shi a masai. Tsoron tiyata tsoro ne na gaske ga macen da ke ƙauyen da ba a iya fita da dare, kuma ban raina shi ba. Amma amsar wannan zargi tana nan kusa da mu, a Zariya. A 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya fitar da bincikensa a kan haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A cikin aikin, shi da abokan aikinsa sun bibiyi 'yan mata masu ƙarancin shekaru da ke ɗauke da cikin fari, suka ga cewa waɗanda aka ba maganin kariya daga zazzaɓi tare da ayon da folik asid sun ci gaba da ƙara tsayi a lokacin cikin fiye da waɗanda ba su samu ba. Wato ita uwar ce take girma. Abin da ya fi tsayar da naƙuda a wajenmu shi ne ƙugun da bai buɗe ba, na yarinyar da ta tsumbure tun tana ƙarama ko ta ɗauki ciki jikinta bai gama ginuwa ba. Wanda yake son ya ga ƙarshen wannan hanya ya je asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina. Hana yarinya abin da zai gina ƙashinta da jininta ba ya sauƙaƙa mata haihuwa. Yana shirya wa 'yarta irin wannan wahalar nan da shekara goma sha.

Ƙwayar awo tana rage haihuwar jariri ɗan firit, wanda shi ne ya fi saurin mutuwa a satin farko. Kuma idan jini ya ɓalle bayan haihuwa, macen da ta zo da cikakken jini tana iya jure zubar da za ta kashe wadda ta zo da rabi. Daga ƙauyukan Sabuwa zuwa inda za a samu ledar jini a Funtua tafiya ce, a kan hanyar da kowa ya san halinta. A wannan tafiyar, jinin da mace ta tara cikin wata tara shi ne abin da take da shi.

Batun gishiri ba ya buƙatar dogon bayani. Sinadarin aidin a teku ya fi yawa. Ƙasar da ke nesa da teku sau da yawa ba ta da isasshe, kuma abin da babu a ƙasa ba zai fito a zangarniya ba ko da an noma dami dubu. Rashinsa ke kawo maƙoƙo, ya kuma dakushe ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. A 1993, lokacin da Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri, kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda aka duba yana da kumburin maƙoƙo. A 2005 Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka shaida ta cim ma burin wadata jama'a da irin wannan gishiri. Malam ya waiwayi ƙuruciyarsa ya ƙirga mata nawa ya sani masu maƙoƙo, sannan ya duba 'yan matan da ke zuwa Islamiyya yau. Ina maƙoƙon ya tafi?

Haka zinki. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa wa yaro mai gudawa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, domin tana gajarta ciwon, tana kuma rage dawowarsa a watannin da ke biye. Haka kalsiyam: a Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa yaranmu masu lanƙwasassun ƙafafu ba rana suka rasa ba, kalsiyam ne ya yi kaɗan a abincinsu, kuma da aka ba su shi ƙashin ya warke. Yaran nan tuwo suke ci, suna kuma ƙoshi.

Ina so Malam ya lura da wani abu kuma. Gargajiyar da yake kira a koma mata ita ma tana da nata ƙarin sinadarin, wato kanwa. Mai jego tana shan kunun kanwa kwana arba'in don nono ya zo, jiki ya yi ƙarfi. A shekarun 1970 likitocin Zariya, ciki har da Eldryd Parry, sun ga ana kawo mata da yawa da kumburi da ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan gishirin kanwa haɗe da zafin wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye a Kano ya samu ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin mata da yawa masu wannan ciwo. Ban kawo wannan don in tozarta al'ada ba. Na kawo shi ne don a ga cewa ba a raba mai amfani da mai cutarwa ta hanyar tambayar wane ne namu, wane ne na Bature. Ana raba su ta hanyar aunawa: mene ne a ciki, nawa ne, wa zai sha, har tsawon wane lokaci.

Wannan ma'aunin bai bar ayon ɗin ma a baya ba. Mai sikila ba ya shan sa sai likita ya duba jininsa. Yaro idan ya samu kwalbar uwarsa ya haɗiye da yawa, guba ce mai kisa, don haka a ɗaga ta sama. Wani gwaji a tsibirin Pemba na Tanzaniya, da aka buga a 2006, ya nuna cewa raba wa ƙananan yara ayon barkatai a inda zazzaɓi ya yi katutu yana iya ƙara musu haɗari, shi ya sa aka gyara ƙa'idar, aka ce sai an haɗa da kariya da maganin zazzaɓi. Ba kowane ƙarancin jini ne kuma na rashin ayon ba. Su ma matan da ke ƙorafin tashin zuciya da baƙin bayan gida ba ƙarya suke yi ba; ana rage wannan da shan ƙwayar bayan abinci ko lokacin kwanciya, baƙin kuma ba ciwo ba ne.

Saura maganar kasuwa da zargin baƙi. Zargin yana da tushe, domin mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yaran Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Wanda aka taɓa cuta yana da haƙƙin ya yi tambaya. To a yi tambayar har ƙarshe. Wane kamfani ne zai yi arziki da ƙwayar da take cikin mafi arahar magunguna a duniya, wadda sau da yawa kyauta ake raba ta a wajen awo da makon lafiyar mata da yara? Riba tana wajen mai gwangwani da mai lasifika. Kuma duk macen da aka hana ƙwayar awo, idan jiri da haki suka ishe ta, wajen wa za ta je? Wajen mai lasifikan nan da Malam yake yaƙa, ta sayi kwalbar "ƙarin jini" da kuɗin da ya ninka sau da yawa.

Matsayina bai canja ba. Abinci shi ne tushe, kuma da gidajenmu za su riƙa rage wake da waken suya da ƙwai da gyaɗa don yara da masu ciki, su daina cewa yaro mai cin ƙwai zai yi sata, su shuka zogale a kowane tsakar gida, da an rage rabin aikin. Lafiyayyen magidanci ya bar kuɗinsa a aljihu, ya saya wa iyalinsa hanta da alayyafo. Amma mai ciki ta sha ƙwayarta kullum. Yaro mai gudawa a ba shi zinki ya cika kwanakinsa. A kai yara su karɓi ɗigon bitamin A idan an zo rabo. Gishirin miya ya zama mai aidin, a kuma rufe shi kada ya sha iska. Yaron da tamowa ta kama a kai shi a auna damtsensa a ba shi abincin nan na leda mai gyaɗa da madara, wanda ya ceci dubban yara a Maraɗi a yunwar 2005, kada kuma a raba wa 'yan uwansa ko a sayar a kasuwa.

Malam, alƙalaminka yana da masu saurare, kuma akwai inda ake buƙatarsa. Ka tambayi masu mulki me ya sa ƙananan asibitocin ƙauyuka da rashin tsaro ya kori ma'aikatansu suke zaune a rufe, me ya sa mace take taka sayyada zuwa awo a ce mata magani ya ƙare, me ya sa masu lasifika suke cin kasuwa a gaban hukuma ba mai ce musu uffan. A kan waɗannan ina bayanka. Amma ina roƙonka ka sake rubutu, ka ware ƙwayar awo daga cikin abin da ka yi hani da shi, ka faɗa wa magidantan da suka bi shawararka su bar matansu su ci gaba da sha. Ka yi shi kafin damina ta nutsa, lokacin da rumbu yake yin ƙasa, sauro yake yawa, kuma hanyar Funtua take ƙara wuya.